Rabin Kitso da Laifin Babbar Ƙasa

An kitse rabin kan Malama, rabi na nan a tsefe, sai rediyon shagon ya ɗauko zancen babbar ƙasar nan da ta riƙa ɗaure wa masu mulkin kama-karya gindi a zamanin yaƙin cacar baka. Tarihi Malama take koyarwa, amma ta ja bakinta ta yi gum. Ta san halin mai kitsonta: in ranta ya ɓaci, a yatsunta yake fita. Ga shi gobe za a ɗauki hoton malamai, kuma ba mai kitson da za ta karɓi rabin aikin wata.

Goggonta, wadda ta rako ta don kawai ta sha fanka, ba ta san da wannan ba.

"Azzalumai!" in ji Goggo. "Su suka ba mutanen nan bindigogi."

"Haba Hajiya," in ji mai kitso. "Ni na'urar busar da gashin nan daga can aka kawo ta, ba ta taɓa lalacewa ba. Masu irin wannan aiki ba sa zalunci."

Ta figi gashi. Girar Malama ta yi sama.

"To bindigogin ma ba su lalace ba, 'yar nan!"

Aka sake figa. Malama ta ga taurari. Maganar Goggo gaskiya ce, ita kanta haka take faɗa a aji, amma duk hujjar da Goggo ta kawo, a ƙeyarta take sauka.

"Ke da kika yi jami'a, gaya mata!" in ji Goggo.

Tsinin matsefi ya tsaya cak a tsakar kan Malama.

"Ai Goggo... lamarin yana da sarƙaƙiya. Wataƙila ba su san abin da ake yi da bindigogin ba."

"Lallai!" in ji Goggo. "Sun zaci shanya za a yi a kansu?"

Nan take hannun mai kitso ya yi laushi, har da ƙarin mai. Aka gama kitso, ya yi kyau ƙwarai.

A hanya Goggo ta ƙi kula ta.

"Goggo, wallahi ke ce da gaskiya."

"Uhm," in ji Goggo. "Kin ga mai kama-karya da matsefi, kin mara mata baya don bukatarki. Saura ki aika mata da bindiga."