Kwarmin Ruwan da Baba Ya Faɗa

Shekara ashirin da shida Sarkin Gargada ya yi yana kai masu hawan dutse gindin wani tsauni a cikin hamada, kuma ko sau ɗaya bai taɓa hawansa ba. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa sunan, don hanyar ba ta da kwalta ko taku ɗaya, daga gargada sai yashi sai tsakuwa mai yanka taya, amma shi ya san ta kamar yunwar cikinsa. Dokar kamfanin da yake yi wa tuƙi ita ce direba ba ya barin mota. Ya sauke baƙi, ya juya hancin motar ya kalli hanyar komawa, ya zauna jira har su sauko.

A gida kuwa ba haka labarin yake ba. Tun Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana ƙarama take tare shi a bakin ƙofa tana tambayar abin da ya gano a saman dutse, shi kuma ya kasa ce mata yini ya yi a inuwar mota yana korar ƙuda. Sai ya riƙa ba ta abin da ya tsinta a bakin baƙi in suna hira a kujerar baya, ya mai da shi nasa. Har da wani kwarmi da ke ƙasa kaɗan da ƙololuwa, bayan wani tsagaggen dutse, wanda wai ruwansa ba ya ƙafewa rani da damina. Wani tsohon jagora ne ya taɓa ambata kwarmin sau ɗaya, shi ma bayan an yi ruwan sama. Zancen rashin ƙafewar ƙarin gishirin Sarkin Gargada ne. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to tasa dai ta yi shekara ashirin tana fure, kuma yana jin daɗin yadda yarinyar take kallonsa.

Auta ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya. Wata uku ta yi tana hawa da saukar benen asibiti da jaka a baya don ƙafafunta su saba, sannan ta zo ta ce ta ɗauki hutu, ita da ƙawarta za su hau tsaunin Baba. Manajan kamfanin ya ba shi aron motar na yini guda. Shi kuwa ya kasa ce wa Auta a'a.

Da sassafe suka kama hanya, Auta a kujerar gaba kusa da shi. Da suka isa busasshen rafi ya tsaya ya rage iskar tayoyi huɗun don kada motar ta kafe a yashi, ya bi ta gefen da ya san ƙasa ta fi tauri. Awa uku ana wannan jijjiga, awa uku Auta tana ba ƙawarta labarinsa: yadda ya hau sau ba adadi, yadda ya sha ruwan kwarmin da tafin hannunsa. Ƙawar sai jinjina kai take tana cewa ashe Baba gwani ne. Shi dai ya ƙura wa hanya ido.

A gindin tsaunin suka zazzage kaya suna zaɓe, don mai hawa ba abin da yake ƙi kamar nauyi, kuma babu abin da ya kai ruwa nauyi. Auta ta sa gora biyu a jakarta, biyu a ta ƙawarta, ta mayar da sauran cikin mota.

Ya ce, "Auta, ku ƙara ruwa. Ruwa ba ya yi wa mutum yawa a nan."

Ta yi dariya ta ce, "Haba Baba, mu yi dakon ruwa zuwa inda ruwa yake? A kwarminka za mu cika."

Nan ne ya kamata ya faɗa. Ya buɗe baki ma, sai ya ga ƙawar tana kallonsa da irin girmamawar da bai taɓa samu daga baƙi ba, sai maganar ta koma. Da suka juya ya cusa gora ɗaya a jakar Auta. Ta ji nauyi ya ƙaru, ta zaro ta, ta ajiye a kan motar tana tsokanarsa wai tsufa ya sa shi tsoro. Da ta roƙe shi ya raka su, ya fake da ciwon gwiwa da dokar kamfani. Suka kama hawa, suka bar shi a gindin mota.

Rana ta take tsaka, ƙarfen motar ya kai ba ya taɓuwa. Ya yi ta gaya wa kansa wataƙila akwai ruwan, ai tsohon jagoran ba makaho ba ne. Amma ya san rabon wajen nan da ruwan sama an haura wata bakwai. Lokacin saukowarsu ya yi ya wuce. Waya ba ta kamawa a nan. Ya ji tsanar kansa irin wadda bai taɓa ji ba, ya saɓi jarka a kafaɗa, ya bar motar a karo na farko cikin shekara ashirin da shida.

Bai yi tafiyar minti goma sha biyar ba hanyar ta rabu uku a tsakanin manyan duwatsu, ba sawu, ba alama. Ya tsaya da ruwa a kafaɗa yana haki, bai san wadda zai bi ba. Ya ƙwala kira, dutse ya dawo masa da muryarsa. Haka ya juyo ya koma gindin mota ya kama danna ham ɗinta ko za su ji, don iyakar abin da ya iya ke nan.

Sai la'asar sakaliya ya hango su. Auta ta rungumo ƙawarta tana jan ta, leɓunansu sun tsattsage, jaka ɗaya ma sun yar da ita. Ya ruga da jarkar. Auta ta karɓe ta daga hannunsa, ta kwantar da ƙawar a inuwa, ta jiƙa mata wuya, ta riƙa ba ta ruwan kaɗan-kaɗan kamar yadda take yi a wurin aiki. Sai da idon ƙawar ya dawo daidai sannan ita ma ta sha.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaya masa ba su kai ƙololuwa ba. Sun sami tsagaggen dutsen, sun sami kwarmin, ba komai a ciki sai yashi da kashin tsuntsu.

Ta ce, "Awa biyu na yi ina zagaye a rana ina neman wani kwarmin. Na ce ni ce na ɓata hanya, Baba ba zai yi kuskure ba." Ta dube shi sosai. "Baba, ka taɓa hawa?"

Ya nuna mata duwatsun nan inda hanya ta rabu uku. Ya ce, "Yau ne na fi yin nisa."

Ta gyaɗa kai. Da ma ta yi masa faɗa, da ya fi masa sauƙi. Ta taimaka wa ƙawarta ta shiga, ita ma ta bi ta kujerar baya, inda baƙi suke zama, ta ja ƙofa.

Ya tayar da mota. A ranar ya yi tuƙin da bai taɓa yin irinsa ba: ya kauce wa kowane rami, ya lallaɓa kowace gargada, ya ratsa busasshen rafin ko girgiza ba su ji ba. Wannan kam nasa ne, ba a bakin kowa ya tsince shi ba. Ya ɗaga ido ya duba madubi ko ta lura. Ta juya fuskarta wajen taga.