Inda Za a Tura Manang Perlita

Yayata Perlita, wadda nake kira Manang kamar yadda ake kiran yaya mace a wajenmu, ta yi shekara ashirin da shida tana koyar da yara kurame a wata makaranta a garinmu Iloilo. Ni kifi nake sayarwa a kasuwa, kuma gida ɗaya muke tun da mijinta ya rasu. Tana da shekara hamsin da huɗu ta cike takardar wata ƙungiya mai tura mutane aikin sa kai ƙasashen waje na shekara biyu. Akwai inda aka tambaya ko za ta je duk inda aka tura ta. Ta ce za ta je, don an gaya mata masu tsirfar zaɓe takardunsu ne ke kwana a ƙasa.

Aka kira ta Manila, aka yi mata tambayoyi kwana biyu, aka ce ta ci, saura a samo mata gurbi. Wata ma'aikaciyarsu mai suna Odessa ce ke riƙe da takardunta. A watan Yuni ta bugo waya ta ce da alama Mongoliya ce, ƙasa mai tsananin sanyi.

Manang tana da ciwon gwiwa, ko sanyin damina sai na gasa mata da ruwan zafi. Ba ta faɗa wa Odessa ba. Ta ajiye aiki, muka shiga gwanjo neman rigar sanyi, a garin da zufa ke karyo wa mutum tun da hantsi. Mai gwanjon ya ce shekara uku rigar tana rataye, har ya ɗauka da ita za a binne shi. Malaman makarantarsu suka yi mata walimar bankwana, aka gasa kaji, aka soya taliya, yaran suka yi mata waƙa da hannu. Ta yi kuka, su ma suka yi.

Bayan sati uku aka ce makarantar can ta fasa.

Daga nan sai jira. Waya ba ta barin hannunta, ko wanka za ta shiga sai ta ɗora ta a kan taga. Ta daina zuwa cocin unguwarmu, ta koma wani mai nisa da sai ta hau mota biyu, duk don gudun tambaya. Amma kasuwa ba ta da mafita, tunda ita ke kawo mini abincin rana. Tiyay Soling, wato Gwaggo Soling, mai kayan miya, da ke kusa da rumfata, ba ta taɓa ƙyale ta ba.

"A'a, mutanen Mongoliya, har an dawo? Ina tsarabarmu?"

Manang sai ta yi murmushi, ta ajiye kwano ta juya.

A Satumba aka ambaci wani tsibiri can tsakiyar teku. Ta kwana biyu tana karanta labarinsa, ta gano jirgi sau ɗaya yake zuwa a wata. Aka ce ta sake gwajin lafiya, na farko ya wuce wa'adi. Likita ya auna ta ya ce jininta ya hau, ta dawo bayan sati biyu. Ta bar gishiri, ta bar busasshen kifi. Kafin ta koma an ba wata gurbin.

Ni ma fa na gaji. Wata rana da yamma tana taya ni gyaran kifi a bayan gida, na ce ta rubuta musu ta ce ta fasa. An ɗauki wata a wurinta a makaranta, amma ba za a rasa iyayen da za su so a koya wa 'ya'yansu a gida ba. Ta ci gaba da kankare ɓawo, ta kira ni da sunan da ake kiran ƙanwa a wajenmu.

"Inday, ni yanzu ba tafiyar ce ta dame ni ba," ta ce. "Su faɗa mini sunan gari kawai, in san abin da zan ji tsoro."

A ranar ta gaya mini cewa tun da aka ce Mongoliya take addu'ar abin ya rushe, da ya rushe kuma sai ta riƙa jin kamar ita ta jawo. Na ce in addu'arta na ci haka, ta roƙa mini Soling ta canza rumfa. Ta yi 'yar dariya.

Sai a Janairu Odessa ta sake kira. Ƙasar Timor ce, wani gari a cikin duwatsu. Ba aji za a ba ta ba, don babu makarantar kurame a wurin. Malamai shida za ta horar, waɗanda ba su taɓa magana da hannu ba, da yaren da ita ma ba ta ji. An ba ta kwana biyu ta yi shawara. Ta tambaya ko wannan karon tabbas ne. Odessa ta ce ita ta daina cewa tabbas, amma dai an sa hannu. Manang ta ce ta yarda, tun kafin a kashe wayar. Ban ga murna a fuskarta ba. Ta shiga ɗaki ta kwanta, ta yi barci tun azahar har faɗuwar rana.

Ba ta sanar da kowa ba. A watan Maris, wata Talata, na rufe rumfa na raka ta filin jirgi. Bayan kwana biyar saƙonta ya iso. Ta ce malaman huɗu ne ba shida ba, ɗakinta yana yoyo, ɗaya daga cikinsu kuma tana da 'ya kurma wadda ba ta taɓa fita da ita ba. Ta ce ta gaji ƙwarai, in akwai wuta za ta kira ni ranar Lahadi.