Gyara Lokacin Shan Ruwa

A kamfanin waya na Kasablanka, a ƙasar Maroko, Si Larbi ne ke kula da na'urar da ke bin sawun wayoyin matafiya, don kira ya same su a kowace ƙasa. In gyara ya taso da azumi, lokacin shan ruwa ake kashe ta, kowa na kan kwanon miyar harira.

Ya kashe ta ke nan, abokiyar aikinsa Nawal ta ce, "Si Larbi, duniya duka agogonmu take bi? 'Yan Umara tuni suka sha ruwa, yanzu suke kiran gida."

Ya dubi wayarsa, shiru. Kullum war haka mahaifiyarsa take kira daga Makka. Ya ajiye dabinon da ke hannunsa, ya jawo kujera don ya sake kunna na'urar.