Katin Baba Khuzwayo

"A nan ne," in ji Nomvelo, 'yar mamacin. "Daidai bakin magudanar nan ya zauna, ya ce in ba shi minti ɗaya."

Velaphi ya taka birki, ya kashe mota. Suna can ƙarshen filin fakin na ƙasa, asibitin kuma yana kan tudu, sai mutum ya ɗaga kai yake hango ƙofarsa. Ya auna hawan da ido, bai kai rabi ba ya kau da kai. Mai ƙafa biyu ma sai ya yi haki, balle tsohon da ciwon suga ya cinye wa ƙafa ɗaya.

Baba Zibuse, ƙanen mamacin, ya fito daga kujerar gaba riƙe da reshen magaryar kura. Da shi ake zuwa inda mutum ya cika a ɗauko kurwarsa a kai ta gida, kada ta yi ta gararamba a wurin da ba ta san kowa ba. Wanda ya riƙe reshen kuwa, da zarar ya kira mamaci, ba ya sake tanka wa mai rai sai an shiga gida. Tsohon ya durƙusa, ya shafa reshen a kan kwalta.

"Yaya, ni ne Zibuse. Tashi mu tafi Umlazi, MaShezi tana jiranka. Ga motar Velaphi, wadda ka saba."

Velaphi ya kau da ido daga reshen.

Shekara uku ke nan yana kai maƙwabcinsa Baba Khuzwayo wankin ƙoda, Talata da Asabar. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, ta kanta MaShezi, matar tsohon, take miƙo masa tuwon masara da wake tun da matarsa ta tafi ta bar shi. Duk layin ana yabonsa, shi kuma yana jin daɗin yabon, ba ƙarya. Tsohon yana da katin fakin na nakasassu, shuɗi, da zanen keken guragu a gaba, hotonsa a baya. Da shi masu gadi ke buɗe musu ƙofar sama su tsaya dab da ɗakin wankin. Ana dawowa gida Baba Khuzwayo zai miƙa hannu.

"Ba ni ƙafata, ɗan nema. Katin nan ba na motarka ba ne, nawa ne. In ba na ciki, kai mai ƙafa biyu ne kamar kowa."

"Haba Baba, sai ka ce zan ci shi?"

"Kai da ka ci kazar MaShezi har ƙashi, me ba za ka ci ba?"

To, wata Talata tsohon ya dawo a galabaice, ya manta bai miƙa hannu ba. Velaphi ya je babban kanti ranar, ƙarshen wata ne, motoci kamar ƙudaje, sai ga gurbi mai shuɗin fenti a bakin ƙofa, fayau. Minti biyar kawai, ya ce wa kansa. Daga nan fa aka buɗe ƙofa: duk ranar da tsohon ya manta, katin a wurin Velaphi yake kwana. Ya koyi jan ƙafa kaɗan in ya fito, don idon masu gadi. Ƙato mai gyaran firij, wanda ke saɓa injin a kafaɗa ya hau bene, shi ne yake ɗingishin ƙarya. Tir!

Asabar ɗin da ta wuce akwai babban wasa a filin ƙwallo. Ya ce musu yana da aiki a Pinetown, Nomvelo ta kai mahaifinta a motarta. Da tsakar rana MaShezi ta kira shi.

"Ɗana, katin Babanku yana wurinka?"

A lokacin ya riga ya yi fakin a bakin ƙofar filin, katin yana lilo a jikin madubi.

"A'a Mama, ai na ba ki ran Talata. Ki duba jakarki da kyau."

A asibiti kuwa, tunda ba kati, mai gadi ya ce ƙofar sama ta masu kati ce da motocin ɗaukar marasa lafiya. Nomvelo ta ce bari ta hau ta samo keke. Tsohon, da taurin kansa na tsofaffin ma'aikatan tashar jirgin ruwa, ya ce ba wanda zai tura shi kamar buhun dankali. Ya ɗauki sandunansa. Bai yi taku talatin ba ya nemi minti ɗaya, daga nan bai sake tashi ba. Likita ya ce zuciya ce, ya ce ko a gado tana iya tsayawa. Kowa ya karɓa, ban da MaShezi. Kwana huɗu tana zaune a katifar takaba a ƙasa, ga kyandir a gefenta, ta sa an zazzage mata kowace durowa a ɗakin. Duk wanda ya shigo gaisuwa magana ɗaya take yi masa: "Yaron nan ya ba ni a hannuna, na yar. Ni na sa shi hawan tudun nan." Abinci ma ta daina ci. Velaphi yana tsaye a bakin ƙofa yana ji, yana jera wa baƙi kujeru, ana ce masa Allah ya yi albarka.

Sau uku ya ɗauko katin zai jefa a shara, hoton ya hana shi. Ƙarshe ya cusa shi bayan makarin rana na ɓangaren fasinja.

Baba Zibuse ya shigo ya zauna, reshen a kan cinyarsa. Nomvelo tana baya. Suka kama hanya.

"Yaya, mun fita daga asibiti. Ga danja, mun tsaya. Kada ka sauka, ba mu iso ba."

Da suka hau babban titi rana ta sunkuyo, ta doki gilashin gaba. Tsohon ya kanne ido, ya ɗaga hannu. Velaphi ya ga hannun yana tafiya wajen makarin rana. Makarin ya sauko, katin ya zamo, ya faɗo a kan ganyen magaryar, hoton yana kallon sama: Baba Khuzwayo cikin hularsa ta coci, ya haɗe rai kamar yadda yake yi wa kowane mai ɗaukar hoto.

A madubi Velaphi ya ga Nomvelo ta toshe baki da tafin hannu. Ya jira zagi. Da ma a zage shi, da ma tsohon ya kwaɗa masa mari, ko ya ce tsaya in sauka. Amma mai reshe ba ya magana da masu rai. Baba Zibuse ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya gyara masa zama a kan ganyen.

"Yaya," ya ce a hankali, "ga katinka, an gan shi. Ba MaShezi ce ta yar ba. Yanzu za mu haye gada, ka riƙe da kyau."

Kunya ta lulluɓe Velaphi tun daga tafin ƙafa har tsakar ka. Gumi yana shiga masa ido, bai iya ɗaga hannu ya share ba. Haka ya yi ta tuƙi, tsohon yana faɗa wa mamaci kowace kwana: ga tashar tasi, ga shagon mai aski, ga cocinku, ga layinmu.

A ƙofar gida Nomvelo ta miƙo hannu za ta ɗauki katin.

"Bar ni in kai," in ji Velaphi. "Don Allah, ƙanwata."

"Kada ka sake ce min ƙanwa," ta ce, amma ta janye hannun.

Ya bi bayan reshen har ɗaki. Matan da ke zaune da MaShezi suka matsa. Ya durƙusa a bakin katifa, ya ajiye katin a gabanta da hannu biyu, ya faɗi komai a gaban kowa: kantin, ɗingishin, Pinetown ɗin da bai je ba. Bai tsallake ko ɗaya ba.

MaShezi ta yaye bargon da ta rufe kai da shi. Ta rame, leɓenta ya bushe. Ta kalli katin, ta kalle shi.

"Wa ya ci?"

"Na'am, Mama?"

"Ƙwallon. Wa ya ci?"

"Ba wanda ya ci, Mama. Canjaras aka tashi."

Ta gyaɗa kai. Wata tsohuwa a lungu ta ja tsaki mai tsawo.

"Kwana huɗu, Velaphi. Kana kallona." Ta jawo katin kusa da ita. "Ran Asabar kana cikin masu ɗaukar akwatinsa, shi ya zaɓe ka tun da ransa, ba zan canza masa magana ba. Ran Litinin ka mayar wa hukuma katinsu, ka ce mai shi ya tafi. Da ƙafa za ka je." Sai ta juya wajen 'yarta. "Nomvelo, akwai sauran shayin nan? Haɗo min da burodi."

Ta ɗauki katin, ta goge hoton da bakin bargo, ta jingina shi da kwalbar kyandir, kusa da reshen. Ba wanda ya ce wa Velaphi ya tashi, ba wanda ya ce ya zauna. Durowoyin suna nan a ƙasa yadda aka zazzage su, maɓallai da tsoffin katunan asibiti da safa wari-wari. Ya ja gwiwa zuwa ta farko, ya fara mayar da kayan ciki ɗaya bayan ɗaya.