Harshen da Bai Bushe Ba

…sha biyu in ya bi ruwa, takwas in ya dawo. A haɗa, a raba biyu. Goma. Saurin jirgin goma, na kogin biyu. Na cike gurbin. Minti uku, in ji agogo. Ya yi yawa, littafin gwajin jarrabawar ya ce kada tambaya ta wuce biyu.

Wanda ya rubuta wannan bai taɓa riƙe filafili ba. Kogi mai gudu ɗaya tun safe har yamma? Ya zo nan Wara ya zauna gindin tsamiyar nan, ya ga yadda tafki ke sake hali kafin la'asar. Amma ba ruwansu da kogin gaske. Amsa suke so. To, zan ba su. Mako uku ya rage in shiga motar Kaduna, in zauna jarrabawar shiga makarantar koyon tafiyar da kasuwanci, ni Yusha'u, ɗan masunta. Kana ji, Magaji? Ɗan masunta.

Tambaya ta bakwai. Ma'aikaci ɗaya yana gama aiki cikin kwana shida, ɗayan cikin uku. In sun yi tare…

Tare. Hm.

Wata uku ina bisa babur. Shanga, Ngaski, ƙauyukan da sai an ɗora babur a kwalekwale. Fadama bayan fadama ina auna shinkafar da za ta iya isowa injin casa na kamfaninmu, zazzaɓi sau biyu, ƙafa ta ruɓe da ruwa. Rahoto mai shafi arba'in da ɗaya na rubuta. Kai Magaji kana ofis a Yelwa, fanka na kaɗa maka takardu. Manaja. Shafin farko kaɗai ka cire. Ka sa aka buga sabo, da sunanka, har da layi a ƙarƙashi.

Kwana biyu. Amsar kwana biyu ce. A littafi kowa yana ɗaukar rabonsa.

Da ka tsaya nan ma, da na haɗiye. Wallahi da na haɗiye. Amma ranar da manya suka zo daga Sakkwato, mai farin tabarau ya tambayi abin da ya sa amfanin Shanga ya faɗi, ka yi ta juya shafi, gumi na bin wuyan rigarka… ni ne na miƙe. Don in cece ka! Na san amsar kamar sunana. Turancin ne ya sarƙe, kalma ɗaya, na maimaita ta sau uku ta ƙi fita. Sai ka yi murmushi ka juya Hausa.

"Ku yi masa haƙuri, ranku ya daɗe. A kwalekwale aka haife shi, harshen bai gama bushewa ba."

Dariya. Har direbansu da ke bakin ƙofa. Har Jabiru mai buga tafireta, wanda ya san hannun da ya rubuta kowane shafi. Na zauna? Ban tuna na zauna ba. Kofin shayi kawai nake tunawa, da ƙuda a bakinsa.

Shekara huɗu ke nan.

Yanzu ɓangaren Turanci. Jimla biyar, huɗu masu aibi, ɗaya lafiyayya. Duk kamarsu ɗaya, kamar ƙananan karfasa a kwando. Zaidu, da ya sayar mini da littafin bayan ya faɗi sau biyu, ya goge amsoshinsa amma sawun fensirin na nan. Ba zan duba ba. Mutumin da ya faɗi… Ta biyu ce. A'a, aikatau bai bi mai aiki ba. Ta huɗu.

Hayaƙin banda yana shigar mini ido. Inna tana juya tarwaɗa a bayan danga, tana satar kallona. Ɗazu ta ce wai tun da nake zuwa hutun Asabar ban taɓa tambayar ciwon gwiwarta ba, sai dai in yi ta magana da takarda kamar mai iskoki. Na ce mata saura kaɗan. Ta ce haka na ce bara.

Shekara biyu a makaranta, in dawo da takardar da ta fi taka. Hedikwata za ta turo ni. Ba zan kore ka ba — kora sauƙi ce. Taro zan kira. Teburin nan dai, kujerun nan dai. In miƙo maka rahoton, in ce bismilla, Malam Magaji, shafi na tara, yi mana bayani. Da Turanci. In jingina. Ba zan yi dariya ba, ba zan bari kowa ya yi ba. Shiru kawai. In bar ka tsaye cikinsa har shayi ya huce.

Wanne cikin waɗannan ya fi raunana hujjar marubucin? Raunanawa… wannan na iya. Kullum a nan nake cinye duka.

Amma jiya.

A'a. Tambaya ta sha shida. Kashi ashirin cikin ɗari na…

Jiya. Makarantar na son wasiƙar shaida daga shugaban wurin aiki. Mako shida ina ɗauke da fom ɗin a aljihu, na shirya yadda za ka hana, na shirya abin da zan mayar maka, kalma bayan kalma. Na shiga. Ka tsufa, ban lura ba sai jiya. Na miƙa maka fom ɗin. Ka karanta, ka ce madalla, ƙanena, dama irinku ya kamata su je. Ka cika shafi guda da yabo. Haziƙi. Mai amana. Wai ƙarshen shekara za ka ajiye aiki ka koma gona, ido ya ƙi.

Ban san sanda bakina ya buɗe ba. Na ce, ka tuna taron nan, ranar baƙin Sakkwato?

Ka ɗago. Ka yi tunani, tunani na gaske, na ga goshinka ya tattare.

"Wane taro?"

Ƙarya kake. Dole ƙarya kake. Mutum ya yanka wani a gaban jama'a ya manta? Na dubi idon nan, na nemi ko ɗigon tsoro, ko kunya, ko mugunta ma, da na ɗauka da godiya… Babu. Ka ma tambaye ni lafiyar Inna.

To in na dawo, wa zan tsayar? Kujera? Wani sabon manaja da bai san komai ba? In bi ka gona da rahoto a hannu?

Ba komai. A ci gaba. Kashi ashirin na ɗari uku da hamsin, saba'in. Gurbi na sha shida…

A cike yake. Ya aka yi ya cika?

Na tsallake layi. Tun daga ta bakwai — kowace amsa tana zaune a gidan maƙwabciyarta. Duk daidai, duk a banza. Magogin ya cinye, ƙarfen fensirin ne ke kartar takarda. Minti huɗu ya rage a lokacin da na ɗibar wa kaina.

Sai in goge daga ina?