Ɗigon Jan Biro

Daren Laraba ina kwance, barci bai zo ba, na ji wani abu yana gurnani a falo, kamar buzuzu ya faɗa kwanon silba ya kasa fita. Na ɗauki tocila na fito a hankali, don ina son in ga irin waɗannan halittu kafin wani ya kai musu takalmi. Ashe wayar Auta ce a kan faranti take rawa ita kaɗai. Ita kuma Auta tana zaune a ƙasa da kwamfuta a cinya.

"Wa ke kiranki haka?"

"Ba kowa, Baba. Wasiƙu ne ke mutuwa. Duk wadda ta mutu sai wayar ta sanar da ni."

Na zauna. Ban taɓa jin wasiƙa ta mutu ba.

Wata huɗu ke nan da ta fara aiki a kamfanin magungunan dabbobi, ita ke kula da na'urar da ke raba wa ma'aikata wasiƙun kwamfuta. Wata wasiƙar yaudara ta taɓa zagaye ofishin, shi ne Manaja ya ce daga yanzu ko saƙon da mutum zai aika wa na tebur kusa da shi, sai ya fita ya je wata na'urar tacewa da ke wani kamfani, a duba shi, sannan ya dawo. Ya ba ta zuwa Juma'a. In ta kasa, zai kawo wani, ita ta koma teburin karɓar baƙi.

"To ina matsalar?"

"Wasiƙar tana tafiya, a tace ta, ta dawo. Tamu na'urar ta gan ta, ta ce ai wannan ta cikin gida ce, a kai ta tacewa. Haka za ta yi ta zuwa da dawowa har a yar da ita."

Na yi dariya har da tari.

"Baba, ni ina cikin wani hali, kai kana dariya."

"Ni ne wasiƙar nan, 'yar nan."

Shekara talatin da ɗaya na yi ina masinja. Na ba ta labarin ranar da aka ce kowace takarda sai Babban Akawu ya gani a bene. Na kai masa ɗaya, ya karanta, na sauko da ita. Sakatare, mutum mai bin doka kamar jirgin ƙasa, ya ce a kai bene. Sau huɗu na hau da takarda ɗaya. A na biyar Akawu ya dubi gwiwoyina, ya ciro jan biro ya ɗiga a kusurwar sama. Daga ranar, mai ɗigo ba ta ƙara hawa.

"Wannan ba takarda ba ce, Baba."

"Ba ta da kai, inda za a ɗiga mata?"

Ta dubi kwamfutar. "Tana da shi. Akwai layukan da ba a nuna wa mai karatu." Ta fara danne-danne, sai ta tsaya. "Idan wani ɗan damfara ya yi nasa ɗigon fa?"

"An gwada. Amma Sakatare yana kallon matakalar da na sauko."

Ta sa na'urar tacewa ta riƙa yin alama a kan kowace wasiƙa, ta kuma gaya wa tasu kada ta yarda da alamar sai daga waccan ƙofar kaɗai. Ta aika wa kanta gwaji. Na ƙirga a zuci, ban kai tara ba ya iso, sau ɗaya tak.

Ranar Juma'a da yamma ta dawo tana jan jaka tana waƙa. Ta ce Manaja ya ba ta mabuɗin ɗakin na'urori ta riƙe. Muna zaune a ƙofar gida da maƙwabcina Tela, na kwashe labarin duka na ba shi, har da gwiwoyin.

"Kai dai Masinja, an sallame ka amma ba ka sauka ba," in ji shi. Ya ciji zare, ya juya wajen Auta da ke cire takalmi. "To 'yata, wasiƙun da aka tace aka ga ba su da kyau, ina ake zubar da su?"

Da alama wannan ba ta yi tunaninsa ba tukuna, don kafin ya rufe baki ta shige ciki, tana tambayar uwarta ko an rage mata abinci.