Makunnin da Aka Ɗaure

Surukin bai gama buɗe akwatin wutar ba, Baba Gagarau ya sa ƙafa ya ture masa jakar kayan aiki.

"Nan wurin bokitina ne," in ji shi.

Tun wannan surukin nasa yana rarrafe Gagarau ke kula da tafkin wankan gidan da kwamin ruwan ɗumin da ke gefensa. Bai taɓa zama a aji ba. Wuta ta ja shi a injin niƙa, ta taɓa wurgo shi daga kan tsani, ga shi nan da ƙafafunsa. Yau kuma, don fitilar cikin ruwa tana kiftawa, hita ta daina ɗumama kwami, maigida ya rasa wanda zai kira sai mai gyaran wutar da ya auri 'yar Gagarau, auren da tsohon bai taɓa yin na'am da shi ba.

Surukin ya danna maɓallin gwaji a jikin makunnin kariya. Makunnin bai faɗi ba. Ya sake dannawa, sannan ya leƙa, ya ga guntun robar taya an ɗaure hannun makunnin da shi a jikin ƙusa.

"Baba, wa ya ɗaure wannan?"

"Wanda ya gaji da shi. Abu kamar mai farfaɗiya, ka ɗaga ya faɗi, ka ɗaga ya faɗi. Na yi masa magani."

"Faɗuwar ita ce aikinsa. In wuta ta zurara cikin ruwa, shi ke yanke ta."

"A takarda ka karanta. Ni kullum hannuna na cikin ruwan nan. Ɗan tsikari ne a jikin ƙarfen matakala, bai kai cizon cinnaka ba."

Surukin ya ajiye sukundireba a hankali. "Kuna jin tsikari, kuma jikokin maigida suna shiga?"

"Wanne ya mutu?"

Surukin ya juya ga akwatin. Ya kashe babban layi, injin ruwa ya yi tsit. Ya durƙusa bakin tafki ya kwance murfin mahaɗar wayoyin fitila. Ruwa ya tsiyayo, wayar ƙasa mai kwashe wutar da ta zurara ta ci tsatsa ta rabu biyu. Ya ɗago ta ya nuna wa tsohon.

"Kada ka nuna mini waya kamar ka kama ɓarawo," Gagarau ya ce. "Da ka zo neman aure ko takalmin kirki ba ka da shi."

"Haka ne, Baba. Amma ko ku gaya wa maigida, ko ni in gaya masa."

Gagarau ya dubi ɗakinsa da ke bayan rumfar injin, labulensa na kaɗawa. In aka sallame shi, ba aikin kaɗai zai bari ba, har ɗakin. Kuma ba inda zai nufa sai gidan wannan da ke durƙushe gabansa, a riƙa miƙo masa abinci ana kallon agogo.

Maigida ya fito da waya a kunne, ya ɗan janye ta. "Me ake ciki?"

"Ranka ya daɗe, ruwa ne ya shiga fitila," Gagarau ya riga kowa. "Na daɗe ina zargin wajen. Ni na ce masa ya fara dubawa ta nan, da yanzu yana can yana laluben hita."

Maigida ya juya ga surukin. Robar da surukin ya kwance daga makunnin tana dunƙule a tafin hannunsa.

"Za a sauya fitila da waya," ya ce. "Kada kowa ya shiga ruwan sai na gama. Akwatin kuma zan sa masa kwaɗo, makulli yana wurina."

"Yi yadda ka gani." Maigida ya mayar da waya kunne ya shige.

Surukin ya ciro sabon kwaɗo ya datse akwatin da Gagarau ke buɗewa kowace safiya, ya jefa makullin a aljihu. Ya ɗauki jakarsa.

"'Yarku na gaishe ku," ya ce, bai waiwayo ba.

"Ta ji da kanta."

Da la'asar mai gadi ya zagayo, ya tarar da tsohon yana tsamo ganye daga tafki da doguwar raga. Mai gadin ya nuna kwaɗon da haɓa.

"Ni na sa a rufe," in ji Gagarau. "Gidan nan kowa jin kansa yake ya iya wuta."